Tafiyata Kwatano Neman Ƙwaƙwalwar Motar Baba Mamman

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta da tambaya ba. A gareji, a ƙofar masallaci, har a teburin mai shayi: "Rabi'u, yaya ƙasar masu Faransanci?" "Ka ga teku?" "Wai da gaske mata ne ke riƙe da kasuwa?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, don kowa na fara ba shi sai ya kwashi wurin dariya ya yi gaba. To ga shi nan gaba ɗaya, har da wurin da ba na son faɗa.

Ni riwaya ne, aikin wutar mota nake yi a Gusau. Wanda ya sa ni a hanyar nan kuwa shi ne Baba Mamman na Bungudu, tsohon direba, aminin mahaifina. Yana da wata a-kori-kura ja, an rubuta mata Ba-Gajiya a allon baya. A bayanta, a kan buhunan gero, aka kawo ni Gusau koyon aiki ina ƙaramin saurayi. Babu kasuwar ƙauyen da ba ta sani ba, daga Wanke har Wonaka. Da daminar bara ta shiga wani rafi da ya fi ƙarfinta, ruwa ya cika ƙwaƙwalwarta, wato akwatin nan da ke ba nozul umarnin fesa fetur. Tun daga ranar ta zauna a ƙofar gida kaji suna kwana a ƙarƙashinta.

Na nemi irin ƙwaƙwalwarta a Gusau, na aika Kano da Kaduna, aka ce irin wannan ta ƙare a duniya. Lawali, babban ɗan Baba, ya ce a mayar da ita kafireta kamar yadda kowa ke yi. Na ce a'a, za ta zama rijiyar fetur. Gaskiya ne, amma har da son a ce Rabi'u ya yi abin da ba a taɓa yi ba a garin. Wani abokina ya nuna min a wayarsa wata ƙwaƙwalwa ta kasuwa, wadda ba a yi ta don wata mota ɗaya ba, ana saita ta da kwamfuta ta dace da duk injin da aka ga dama. Ya ce akwai mai haɗa su a Kwatano.

Lawali ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To mun ji. Amma 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sau ba iyaka. In ba ta ɗauko dawab bana ba, a bakin kaka za mu ba su ita. Ba mu iya kallon ta tana ruɓewa."

Baba ya miƙa hannu ya share ƙurar madubin motar da bakin rigarsa. Abin da ya tura ni Kwatano ke nan.

Na bar Gusau da hantsi, don hanyoyinmu yanzu kowa ya san halinsu, ba a yi musu sammako. Na bi ta Sakkwato na gangara ƙasar Kabi. Motar da na shiga daga can an cika ta da albasa har rufi, mu fasinja kamar alfarma aka yi mana. Kusa da ni wata tsohuwa ce da za ta je sunan jikanta, ta ɗora min ƙullin daddawa a cinya ta ce, "Riƙe min, ɗana," ba ta sake waiwayarsa ba sai da muka sauka. Na isa bakin iyaka ina warin albasa da daddawa, ƙuda ma bai yarda ya rabu da ni ba.

A iyakar ba a wahalar da ni ba. An duba takarduna, an tambaye ni abin da zan je yi, na ce sayen ƙwaƙwalwa. Jami'in ya dube ni sama da ƙasa ya ce Allah Ya sa a samu daidai kaina. Abin da ya ba ni mamaki shi ne na ƙetare amma Hausa ba ta ƙare ba. Masu canji, masu babur, masu tuwo, duk da ita suke magana, sai dai sun ɗan lanƙwasa ta. Na canza kuɗina zuwa sefa, aka ba ni 'yan takardu kaɗan a madadin damin da na miƙa, na ji kamar an yi min fashi da sallama.

Daga nan hanya ta miƙe kudu. A Paraku muka tsaya cin abinci, aka kawo min sakwara da wani cuku soyayye da Fulanin can ke yi. Wannan kam ban da abin cewa, na ci na ƙara. Na yi ta tunanin Fulaninmu na wajen Kucheri da nonon da ke kwana a ƙwarya, me ya hana su wannan sana'a? Amma burodinsu ban gane masa ba. Dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa yana yanka dasashi, kuma haka za ka ga babban mutum da rigar kwat ya saƙalo shi a hammata tsirara, ko leda babu. A Gusau ka yi haka, kafin ka kai gida an sa maka suna.

A Kwatano na sauka a Zango, gidan wani Malam Idi, mutumin Ƙauran Namoda da ya yi shekaru a can har Faransanci ya zauna a bakinsa. Ɗakin baƙinsa tabarmi ne a jere, mu wajen goma, da fanka ɗaya mai juyawa kamar ana roƙonta. Zafin garin ba irin namu ba ne. Namu yana ƙona ka ya bar ka a bushe, nasu kuwa jiƙa ka yake yi, ka yi wanka ka fito ka rasa me ka wanke. Ga sauro masu ƙiba. Amma Malam Idi mutum ne, bai bar ni na sayi ko ruwan sha ba.

Masu tambayar mata da kasuwa, e, gaskiya ne. Mace za ka gani a kan kujera da jaka a ƙugu, maza majiya ƙarfi suna sauke mata kaya tana nuna musu da baki. 'Yan acaɓarsu duk riga ɗaya suke sawa, ruwan ɗorawa, da lamba a baya, kuma dole ka kifa hular kwano. Wadda aka ba ni ta yi min yawa, duk ramin da muka faɗa sai ta rufe min ido. Rabin garin a cikin hula na gan shi. Wani abin kuma, rana na take tsaka sai ka ga an ja ƙofofin shaguna, wai an tafi hutu. Ranar farko mun je wurin mai ƙwaƙwalwa muka tarar da kwaɗo, na ce wa Malam Idi ko rasuwa aka yi. Ya yi dariya ya ce barci ake yi.

Mutumin sunansa Kwajo, siriri, da tabarau a goshi. Shagonsa ya fi ɗakin matata tsabta. Kowane sukundireba da ƙusarsa a bango, kuma kafin ya taɓa kaya sai ya wanke hannu. Na tuna garejinmu inda ake neman sifana da ƙafa a cikin ƙasa. Malam Idi kuwa, don ya ɗaga ni a sami sauƙin ciniki, ya gabatar da ni da cewa ni ne babban injiniyan wutar mota na ƙasar Zamfara gaba ɗaya. Kwajo ya miƙe ya ba ni hannu biyu. Na ji daɗi a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Na nuna masa hotunan injin, ya gane shi nan take. Ya ɗauko ƙwaƙwalwar, 'yar ƙarama, ba ta fi tafin hannu biyu ba, ya haɗa ta da kwamfuta ya yi ta danne-danne. Na ce masa nozul ɗin motar ma sun tsufa, biyu suna ɗiga. Ya shiga ciki ya fito da guda huɗu masu kyau, na wani injin daban amma bakinsu ɗaya da namu. Sai ya ɗauko mita ya ɗora a kan ɗaya, ya juyo min da fuskarta. Na ga biyu da ɗigo wani abu. Ya ɗaga yatsa ya yi magana mai tsawo, yana nuna nozul, yana nuna ƙwaƙwalwa, yana busa yatsunsa kamar wanda ya taɓa tukunya.

Na dubi Malam Idi. Shi kuwa dillalin shanu ne, bai san om ba, wato awon da mitar ke nunawa, bai san rizista mai rage ƙarfin wuta ba, kuma wayarsa tana ta ƙara. Ya ce, "Ya ce kayan masu ƙarfi ne ƙwarai, babu irinsu."

Kwajo ya dube ni ya yi tambaya da kai, irin ta ka gane? Ni da aka ce babban injiniyan Zamfara, ta ina zan ce ban gane ba? Na gyaɗa kai har sau biyu. A wurinmu nozul ba a auna shi da mita. Waya biyu za ka ɗora a batir, in ya yi ƙas ya fesa, lafiyarsa lau. Haka aka koya min, haka na koya wa wasu. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, to ni ranar ban tambaya ba.

Da aka gama ciniki ya fara zuba kaya a kwali, sai halin gida ya motsa. Ku kun sani, ko barkono ka saya a kasuwar Gusau sai ka ce a yi maka gyara, mai awo ya ɗan ƙara maka wani abu a kai don a rabu da daɗi. Na ce wa Malam Idi, "Ce masa baƙo ya zo daga nesa, a yi mana gyara mana." Malam Idi ya faɗa masa. Kwajo ya yi dariya ya kaɗa kai, ya juya ya ɗauko wani ɗan akwatin alminiyam mai haƙarƙari a baya, da jelar wayoyi biyar, ya nuna min shi da kyau, ya sa a saman kwalin ya ɗaure. Na ce a raina, ashe su ma sun san gyara. Na ɗauka wani tsohon abin fankar mota ne da ya rasa mai saye. Na yi godiya sosai, shi kuma ya yi ta kallona yana murmushi, ina jin bai san godiyar me nake yi ba.

Washegari na kama hanya. Masu tambayar teku, daga tagar mota na hango shi a hanyar Legas, wani fari-fari a bayan itatuwan kwakwa. Malam Idi ya so ya kai ni bakinsa, na ce sauri nake yi, dawa ta kusa isa yanka. Na sayi tsaraba, abarba da man ja da garin rogo da burodin nan dogo guda biyu don a gani a yi dariya. A Legas galan ɗin man ja ya fashe a but, ya jiƙa garin, ya ɓata wa wata mata zane, na sha zagi da Yarbanci wanda ban nemi a fassara min ba. Abarba kuwa zafi ya dafa ta, muka rabe ta a mota kafin Kaduna. Kwalin kaya dai yana kan cinyata, ko sallah zan yi sai na jingina shi a gabana.

Mun wuce Funtuwa, mun wuce Kucheri kowa yana salati a ciki, muka iso Tsafe rana ta yi sanyi. Direba ya ce ba zai ƙarasa Gusau ba sai gobe, ba wanda ya yi masa musu. Na nufi gidan surukaina. Ƙanin matata Sanusi yana da rumfar cajin waya da sola a bakin tasha, kuma tsakanina da shi wasa ne, ba ya raga min. Tun kafin na aje jaka ya kama ta.

"Mijin yaya an dawo daga Turai! Mi kak kawo muna?"

Na miƙa masa guntun burodin da ya rage, ya ƙwanƙwasa shi a benci ya ce wannan sai dai a yi turken akuya. Ya ci gaba da lalube har ya kai ga kwalin. Na ce kada ya taɓa, kayan Baba Mamman ne. Amma idonsa ya riga ya faɗa kan ɗan akwatin nan mai haƙarƙari.

"Wanga hwa? Wallahi irin shi nika nema. Allon cajina zahi shikai, in na liƙa mishi wanga sai shi sha iska."

Kunya ta kama ni. Mutum ya ƙetare ƙasa ya dawo gidan surukai hannu rabbana? Na ce, "Ɗauka, dama gyara ce aka ba ni." Ya yi ta murna, har ya saya min tsire.

Kwana biyu na yi a Bungudu ina haɗa waya. Baba yana zaune a kan turmi yana kallo, yana korar kaji. Na ɗaura nozul, na ja musu wuta kai tsaye daga rile, ɗan makunnin da ke sakar musu wuta, kamar yadda na saba, na ɗaure ƙwaƙwalwar a ƙarƙashin dashbod inda ruwa ba zai kai ba. Na ce Baba ya murza. Ta yi tari sau ɗaya ta kama. Wallahi ban taɓa jin injin nan ya yi irin wannan muryar ba, sumul, ko girgiza babu. Mata suka leƙo ta zaure, maƙwabta suka taru. Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet ya rufe ido.

Ba a jima ba fis ya yanke. Nan ma Allah Ya ba ni dama ta biyu ban karɓa ba. Na yi abin da kowane riwaya a garin nan ke yi, na zare silin waya na naɗe fis ɗin na mayar. Ta sake tashi. Baba ya shiga ya sa hularsa ta zuwa Juma'a, ya ce Gusau za mu je a sha mai, gobe a wuce gona.

Shi ya tuƙa. Gwiwoyinsa da ke hana shi tsayuwar sallah ranar ban ga sun dame shi ba. Duk wanda muka wuce sai ya danna masa oda, yana ɗaga hannu, mutane suna "Ba-Gajiya ta tashi!" Yana ta ba ni labarin shekarar da ya ɗauko amarya da gadonta da akuyarta daga Wonaka a tafiya ɗaya. Mun yi nisa, har mun fara hango gidajen Gusau, sai na ji injin ya fara ɗingishi. Sannan wari ya taso daga ƙarƙashin dashbod, warin da duk mai aikin wuta ya sani, na roba da ta ƙone. Na kai hannu, ƙwaƙwalwar ta ƙona min yatsa. A take na tuna Kwajo yana busa yatsunsa. Motar ta yi shiru, Baba ya gangara da ita gefen titi a hankali.

Da yamma na kira Malam Idi, ya je shagon ya haɗa ni da Kwajo, wannan karon ya samo wani makanike Bahaushe ya yi mana tafinta. Tambayar farko da Kwajo ya yi ita ce, ina akwatin rizista? Ashe nozul iri biyu ne. Akwai masu om sha biyu zuwa sama, su wuta kaɗan suke ja, ƙwaƙwalwa tana iya ɗaukarsu kai tsaye. Akwai masu om biyu ko uku, irin waɗanda ya ba ni, su kuwa haɗama gare su, in ba a sa musu rizista a hanya ya rage musu ba, za su yi ta jan wuta ta cikin ƙwaƙwalwar har su dafa ta. Akwai ƙwaƙwalwar da aka gina don irinsu, tana ba su wuta da yawa su buɗe sannan ta sassauta, amma tawa ba irinta ba ce. Abin da ya yi ta faɗa min ke nan ina gyaɗa kai. Akwatin nan mai haƙarƙari shi ne na rizistan, cikin kayan yake tun farko, ko na roƙa ko ban roƙa ba zai sa shi. Da aka yi masa bayanin gyara, ya ce su a wurinsu ba a ƙara wa mutum komai a kan kayan mota, abin da ka saya shi ne naka.

Ya ce in aika masa ƙwaƙwalwar ya gani ko za ta gyaru, amma ba zai yi alkawari ba, kuma sai an jira kaya daga waje. Na je Tsafe duk da haka. Na tarar Sanusi ya fasa akwatin, ya ƙwaƙule cikinsa ya zubar, ya ɗaure bayan a allon cajinsa da ƙusa biyu. Ya ce tun da ya sa shi allon bai ƙara zafi ba. Ban iya yi masa faɗa ba, ni na ba shi.

Na koma wa Lawali na ce a ba ni mako biyu na mayar da ita kafireta. Ya ce, "Rabi'u, da nic ce a yi hakan mi kac ce? Dawa ta bushe a gona, mun riga mun yi magana da mai tirela, kuma na ba 'yan gwangwan baki." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Na juya wurin Baba ko zai sa baki. Ya ce, "Bari, ɗana. Ka wahala, ka kai inda ban taɓa zuwa ba saboda ni. Kuma na ji muryatta. Ban zaci ina ƙara ji ba."

Wannan maganar ta fi min zagi ciwo. Da na sani ƙeya ce, ga ni nan ina ta waiwayenta.

Ranar da 'yan gwangwan suka zo, da igiya suka zo, za su ja ta zuwa filinsu a Gusau. Motar da ake ja kuwa dole wani ya riƙe mata sitiyari. Ɗaya daga cikinsu ya buɗe ƙofa zai shiga, Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ba ka san halinta ba, tana ja hagu." Ya shiga gida ya fito da hular nan ta Juma'a. Lawali ya so ya hana shi, ya kasa.

Na zauna a gefensa. Daga Bungudu har Gusau babu ƙarar inji, sai kukan taya da igiya tana miƙewa tana saki. Mutanen da suka yi mana kirari ranar nan suna bakin hanya, wasu suka ɗaga hannu, wasu suka sunkuyar da kai. Oda ba ta yi, don na riga na cire batir. Amma duk kwanar da za mu sha sai Baba ya fitar da hannunsa ta taga ya ba na baya alama, yadda ya saba tun kafin a haife ni.

Da muka shiga filin, ya ja birkin hannu, ya mayar da giya ta ɗaya kada ta gangara, ya zare makulli ya miƙa wa mai sayen. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ban ko tambaye ka ba. Tekun nan, ka tsaya ka gane shi da kyau?"

Na ce masa a'a, Baba, sauri nake yi.